Me ya sa mai albashi yake da likitansa, mai neman na yau kuma sai kemis?

Idan mara lafiya ya zauna gaban likita a babban asibiti, cikin tambayoyin farko akwai "a ina kake zuwa asibiti dama?" ko "wa yake duba ki kafin yanzu?" Amsar wannan tambaya ta fi shaddar da mutum ya saka fallasa aljihun gidansu. Wani nan take zai ce asibiti kaza, ga lambar fayil ɗina, ga maganin da nake sha, wata uku da suka wuce aka canza min shi. Wani kuma sai ya fara jero maka: na je kemis an haɗa min magani, da bai yi ba na je wajen wani malamin asibiti a unguwarmu ya yi min allurai, sai aka ce in gwada na Islamik kemis, akwai ma wani gwaji da aka taɓa yi min bara amma takardar ta ɓata. Su biyun duk sun kashe kuɗi fa, ba mamaki ma na biyun ya fi kashewa. Bambancinsu shi ne na farko akwai wanda ya san shi, na biyu kuwa duk inda ya je baƙo ne, kullum daga farko ake faro labarinsa.

In na ce likitan gida ba lallai ina nufin wani babban dakta mai zuwa har falo da jaka ba. Ko nas ce, ko ma'aikacin lafiya ne a ƙaramin asibitin unguwa, in dai wuri ɗaya ne da iyali suka saba zuwa, akwai fayil ɗinsu, an san babban yaron sikila ne, an san uwar ta taɓa jijjiga a haihuwarta ta biyu, an san maigidan allura kaza ba ta karɓarsa, to ya wadatar. Aikin irin wannan wurin ba warkar da zazzaɓi kaɗai ba ne, shi ne zai lura cewa jinin da aka auna wancan zuwan ya ɗan hau kuma yau ma ya hau, shi zai ce wannan tarin ya yi sati uku a je a duba majina, shi zai rubuta takarda ya tura ka gaba in abin ya fi ƙarfinsa. A 2018 wasu masu bincike a Ingila sun tattara nazari 22 da aka yi a ƙasashe daban-daban kan mutanen da ke ganin likita ɗaya a kai a kai, 18 daga ciki sun nuna mace-mace ta fi ƙaranci a cikin irin waɗannan mutanen. Wato sanin da likita ya yi maka shi kansa yana cikin magani.

To me ya hana kowa ya samu? Mutane da yawa za su ce kuɗin kati, kuma ni a ganina kuɗin kati shi ne mafi ƙanƙanta a lissafin. Ɗauki magidanci mai tura ruwa ko ɗan adaidaita da yake ba da balas kullum. Ranar da zai kai matarsa asibiti, akwai kuɗin mota zuwa da dawowa na mutum biyu, ko uku in da goyo da mai riƙe yaro. Sai sun yi sammako don a samu lamba, a manyan asibitocin gwamnati irin Murtala a Kano in ba ka fito da asuba ba kana iya wuni ba ka ga kowa ba. Wunin nan da ya yi a layi bai fita nema ba, kuma gidan da ake hannu baka hannu ƙwarya rashin fita kwana ɗaya yana nufin ba a ɗora tukunya ba. An ga likita minti biyar, ya rubuta gwaji, gwajin a wani ɗaki ake biya a wani ɗaki ake yi, sakamako sai gobe. Goben ma wani kuɗin mota ne da wani wunin. Sai magani, a famasin asibiti a ce babu, a je waje. Bayan duk wannan likita ya rufe fayil ya ce "ku dawo bayan sati biyu in gani."

A wannan "ku dawo" ɗin ake rabuwa. Zuwan farko kusan kowa yana iya yinsa, in ciwo ya matsa za a ci bashi, za a sayar da akuya, 'yan uwa za su haɗa, mai adashe za ta ba da ɗauka kafin lokaci. Amma komawa ranar da jiki ya yi sauƙi, ka biya kuɗin mota ka bar sana'arka don kawai a auna ka a ce ci gaba da maganin, wannan sai wanda yake da ɗan rara. Kuma da irin wannan komawar ake ƙulla sabo da asibiti. Mai kuɗi yana zuwa da ƙafarsa yana lafiya lau, talaka sai an kai shi ranga-ranga. Wanda ake kai shi ranga-ranga kuwa ba shi yake zaɓar asibiti ba, duk wanda ya fi kusa ko wanda aka ce akwai gado nan za a nufa, shi ya sa za ka tarar da gida ɗaya da katin asibiti huɗu, kowanne an yi amfani da shi sau ɗaya.

Alƙaluma ma haka suka nuna. A Najeriya sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye, a lokacin da ciwon ya zo. Babban binciken lafiyar iyali na ƙasa na 2018 ya samu cewa kusan mutum 3 ne kacal cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 49 suke da inshorar lafiya. A binciken dai, da aka tambayi mata abin da ke hana su zuwa asibiti, kusan rabinsu samun kuɗin magani suka ambata, ya ninka nisan asibiti kusan sau biyu, ya kuma fi neman izinin miji nesa ba kusa ba. Wannan ya kamata masu cewa matsalar arewa duk al'ada ce su ɗan tsaya a kai, don sau da yawa "maigida bai ba da izini ba" fassararsa ita ce maigida ba shi da ko sisi kuma kunya ba za ta bar shi ya faɗa ba. Haihuwa a asibiti ma haka take, a binciken na 2018 a gidaje mafi talauci kusan 12 cikin 100 ne, a gidaje mafi wadata kusan 80. Sannan ka tuna hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a 2022 mutum miliyan 133 ne ke cikin talauci ta fuskoki da dama, kuma mafi yawansu a arewa suke, Sakkwato ce a sama.

Amma akwai wani abu da ban cika jin ana faɗa ba, kuma shi ne ya fi ɗaukar hankalina: yawan kuɗin bai kai tabbacin zuwansa muhimmanci ba. A ce ga masinja a wata ma'aikatar gwamnatin tarayya, albashinsa bai wuce mafi ƙarancin albashi da komai ba, Naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024. Ga kuma mai shagon kayan masarufi ko dillalin hatsi a Dawanau wanda in ka haɗa ribarsa ta wata ta ninka ta masinjan. Cikin su biyun, wanda ya fi yiwuwa yana da tsayayyen asibiti shi ne masinjan. Dalili kuwa tsarin inshorar lafiya na ƙasa, wato NHIS, wanda aka yi dokarsa a 1999 aka fara aiki da shi a 2005 zamanin Obasanjo, da ma'aikatan gwamnati ya faro, kuma ranar da za a yi maka rajista dole ka zaɓi asibiti ɗaya ya zama naka, kai da matarka da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Duk wata ana tura wa wannan asibitin wani ɗan kuɗi a kan kowane mutum da ke jerin sunayensa, ko ya zo ko bai zo ba. In ka je ba ka biyan kuɗin ganin likita, magani kuma kashi 10 cikin 100 kake bayarwa. In ciwon na ƙwararru ne, su za su nemo lambar izini daga kamfanin HMO, wato kamfanin da ke biyan asibitoci a madadin inshorar, su tura ka. Kaga tsarin da kansa ya ɗaura maka likitan gida ko ba ka nema ba.

Ba wai tsarin ba shi da ciwon kai ba ne, duk mai katin NHIS ya san zancen "babu wannan maganin, je ka saya a waje", da jiran lambar izini da ba ta zuwa, da yadda wasu asibitoci ke sakin fuska ga mai biya da kuɗi a hannu su ɗaure wa mai kati. Kuɗin da ake ba asibiti a kan mutum ɗaya ya yi shekaru yana Naira 750 a wata yayin da farashin komai ke tashi, to ina za su yi murna da kai. Sannan gidan Bahaushe mai mata biyu da 'ya'ya tara, tsarin mace ɗaya da yara huɗu ya raba gidan gida biyu, wasu yaran suna da asibiti wasu sai kemis, uba ɗaya. Duk da haka fayil ɗin yana nan, kuma shi ne abin da dillalin hatsin nan ba shi da shi. Shi kuɗinsa yau akwai gobe sun shige cikin kaya, ba ya iya cewa duk wata zan ware kaza. Manomi kuwa nasa ya fi tsanani, kuɗinsa da kaka suke zuwa, zazzaɓin yara da damina yake zuwa, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma ɗan abin da ya rage ya tafi taki.

Yanzu bari mu yi wa mai kemis adalci, don kullum shi ake zagi. In ka duba da kyau talaka ma yana da likitan gida, mai kemis ɗin bakin layi ne. Duk abin da ake nema a wurin likitan iyali yana da rabinsa: yana kusa, yana buɗe har sha ɗayan dare, ya san sunan yaran gidan, ba kati ba layi, kuma babban abin, yana ba da bashi. Za ka ce masa "ɗari biyar gare ni" ya haɗa maka na ɗari biyar, ya yanko ƙwaya huɗu daga sacet ya ce in ka samu ka dawo ka cika. Wane asibiti ne zai yi maka haka? Wato shi ya gina sana'arsa daidai da yadda kuɗi ke shigo wa talaka, kaɗan-kaɗan kuma ba tabbas, asibiti kuwa an gina shi daidai da mai albashi. Matsalar ita ce ɗaya rabin da ba shi da shi. Lasisin da hukumar kula da harhaɗa magunguna ke ba irin waɗannan shagunan na sayar da ƙananan magunguna ne, ba na duba mara lafiya ko yin allura ko ƙarin ruwa ba, amma kowa ya san abin da ake yi a bayan labule. Ba ya rubuta komai, duk zazzaɓi maleriya da taifot ne, duk ciwon ciki olsa ne, kuma abincinsa yana cikin sayar da maganin, to da wuya ya ce maka wannan ba ya buƙatar magani je ka huta. Likitan da ya san ka yana iya faɗin haka.

Abin takaicin shi ne wannan hanyar ba ta fi arha ba. Kamar mai sayen man girki ne a ƙulli kullum da mai sayen jarka, a ƙarshen wata na ƙullin ya fi biya, ya sani sarai, jarkar ce ba zai iya ɗauka lokaci ɗaya ba. Maganin taifot sau uku a wata biyu ba tare da an tabbatar taifot ɗin ne ba, allurai, ledar ruwa biyu, maganin gargajiya na mai lasifika a kasuwa, in ka tara sun biya ganin likita da gwaji har da canji.

Inda abin ya fi yin ɓarna shi ne ciwukan da ba sa warkewa sai dai a lallaɓa su. Hawan jini kusan mutum ɗaya cikin uku na manya a Najeriya yana da shi, kuma yawanci ba ya ciwo, mutum yana yawonsa. Maganinsa ba wani abin a zo a gani ba ne, ƙwaya ɗaya ko biyu kullum, amma sai an samu mai aunawa duk bayan 'yan watanni, ya ƙara ko ya rage ko ya canza in ƙafa ta fara kumbura, ya sa a duba ƙoda lokaci-lokaci. Wanda ba shi da wurin komawa yakan sha na wata ɗaya, ciwon kai ya tafi, ya ce Alhamdulillahi na warke, ya ajiye. Bayan shekara uku sai a wayi gari ɓarin jiki ya shanye a ce iska ce ta buge shi ko jifa aka yi masa, ko kuma ƙoda ta tsaya a shiga wankin ƙoda sau biyu ko uku a sati, wanda ko mai albashi mai kyau sai ya sayar da fili. Ciwon suga ma haka, da ƙafar da ake yankewa saboda ɗan gyambon da aka yi wata biyu ana wankewa a kemis. Sikila kuwa, Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu ita, kimanin jarirai 150,000 ake haifa da ita duk shekara, kuma yaron da ke zuwa kilinik ɗinsa a kai a kai ana ba shi maganin ƙarin jini da na kariya daga maleriya, ana duba shi tun ciwon bai tashi ba, rayuwarsa daban take da ta wanda sai ya kwanta rai kwakwai mutu kwakwai ake neman jini. Daga nan kuma sai lissafin ya juya, rashin kuɗi ya hana likita, rashin likita ya kwantar da mai nemo kuɗin, yaran su bar makaranta.

Tun 2023 abin ya ƙara tsuke wa 'yan tsakiya, waɗanda da suke iya riƙe wani ƙaramin asibitin kuɗi a matsayin nasu. Cire tallafin mai a watan Mayun shekarar ya ninka kuɗin mota, faɗuwar Naira ta ɗaga farashin magani tunda yawanci daga waje ake shigo da shi ko kayan haɗa shi, kamfanin magunguna na GSK ma a shekarar ya sanar da rufe harkarsa ta kai tsaye a ƙasar, masu asma sun fi kowa sanin yadda kuɗin abin shaƙa ya koma. Gidaje da yawa ba su yanke shawarar barin likitansu ba, kawai dai an tsallake zuwa ɗaya, aka tsallake na biyu, aka koma ɗaukar hoton tsohuwar takardar magani ana kai wa kemis.

Wani zai ce ai mutanenmu ko kyauta aka ce ba za su je ba. An gwada wannan a wasu wurare, kuma sakamakon yana da amfani a sani. A Amurka, daga shekarun 1970 zuwa farkon 1980, cibiyar bincike ta RAND ta raba dubban mutane ta hanyar ƙuri'a, wasu magani kyauta wasu suna biyan wani kaso. Masu biya sun rage zuwa asibiti, amma ba zuwan banza kaɗai suka rage ba, har da wanda ya zama dole, don mara lafiya ba shi da hanyar sanin wanne ne wanne. Kuma waɗanda kyautar ta fi yi wa amfani su ne talakawa masu hawan jini. A 2008 jihar Oregon ta yi irin wannan ƙuri'ar don ba marasa ƙarfi inshorar gwamnati saboda guraben ba su isa kowa ba. Waɗanda suka ci sun fi samun tsayayyen wurin ganin likita, an fi gano masu ciwon suga a cikinsu, ciwon damuwa ya ragu, bashin asibiti mai karya gida ya kusa ɓacewa. Sai dai a shekara biyun farko awon hawan jininsu bai nuna wani bambanci a fili ba, wanda ke nuna kati shi kaɗai ba ya saukar da jini, sai an samu mai bibiya da gaske.

Birtaniya kuma tun 1948 kowa yana rajista da likitan unguwarsa ba ko kwabo, amma ko a can wani likita mai suna Julian Tudor Hart, da ya yi aiki a wani ƙauyen masu haƙar kwal a yankin Wales, ya rubuta a 1971 cewa kulawa mai kyau ta fi ƙaranci a inda aka fi buƙatarta, musamman in an bar wa kasuwa. Wannan shi ne ɗaya gefen maganar: kuɗin iyali ba abin da za su iya biya kaɗai yake yankewa ba, har da inda suke zaune, kuma likita ma ɗan Adam ne, inda akwai wuta da makarantar yara da masu iya biya yake zama. Ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya faɗa a 2024 cewa likitoci kimanin 55,000 ne a ƙasar kuma kusan 16,000 sun fice cikin 'yan shekarun nan, waɗanda suka rage kuma sun taru a Legas da Abuja da manyan birane. A ƙauyukan Jigawa ko Zamfara ko Yobe, ko kana da kuɗin, wanda za ka samu ma'aikacin lafiya ne a sha-ka-tafi, in an yi sa'a ba a yi masa canjin wurin aiki ba kafin ya gama sanin mutanen garin.

A nan ma sai in ɗan yi ratse, masu kuɗinmu su ma ba duka ke da likitan gida ba, nasu salon rashin daban ne. Alhaji yana jin ƙirji ya yi nauyi sai wajen likitan zuciya kai tsaye, gobe likitan ƙashi, jibi a hau jirgi zuwa Masar ko Indiya ko Dubai, kowane ƙwararre ya rubuta nasa, a dawo da leda cike da magunguna goma sha wani abu ba wanda ya zauna ya duba ko suna faɗa da juna. Akwai kuma 'yan boko masu ƙani ko abokin makaranta likita, ana tura masa sakamakon gwaji ta WhatsApp da tsakar dare. Wannan ma wani arziki ne da ba ya shiga lissafin albashi, gidan da ya iya karantar da ɗa har ya zama likita ko nas ya sama wa dangi gaba ɗaya ƙofar shiga asibiti. Gidan da ba su da kowa a ciki ko ina za a yanki kati sai sun yi tambaya sau uku.

Gwamnati ba wai ba ta san da wannan ba. Tun bayan taron lafiya na duniya da aka yi a birnin Alma-Ata a 1978, da zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ke ministan lafiya daga 1985, manufar ita ce ƙaramin asibiti kusa da kowa. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kula da lafiya a matakin farko, sai a kasafin 2018 aka fara saka kuɗin, da niyyar a samu asibiti ɗaya mai aiki a kowace mazaɓa kuma a yi wa marasa ƙarfi rajista a can kyauta. A 2022 Buhari ya sa hannu a dokar da ta mayar da NHIS zuwa NHIA, ta ce inshorar lafiya dole ce ga kowa, ta kuma tanadi asusu na masu rauni. Jihohi sun kafa nasu hukumomin, KSCHMA a Kano, KADCHMA a Kaduna, da sauransu. A takarda dai an gama komai. A ƙasa kuwa alƙawarin da shugabannin Afirka suka ɗauka a Abuja a 2001 na ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi, gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika shi ba, yawanci ko rabi ba a kaiwa.

Maƙwabta ma sun ɗanɗana. Nijar ta mayar da maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta a 2006, iyaye mata suka cika asibitoci, wanda ya nuna dama kuɗi ne ya tsare su a gida, amma da gwamnati ta riƙa jinkirin biyan asibitocin kuɗinsu sai magani ya riƙa yankewa, aka koma rubuta takarda a je a saya. Ghana ta kafa inshorarta a 2003 don kawar da tsarin biya kafin a taɓa ka, har a 2012 ta gwada sa kowa ya zaɓi asibitinsa guda a yankin Ashanti, wanda 'yan uwanmu na zangon Kumasi sun san zancen, amma rigima da masu asibitoci kan ƙarancin kuɗin ta sa aka dakatar a 2017. Matsalar da suka daɗe suna fama da ita kuma ita ce sabunta kati duk shekara, mutum ya yi rajista bana, baɗi lokacin biya ya zo ba kuɗi a hannu, kati ya mutu.

Wannan ɗin ne nake ganin zai ci mu a nan ma. Tsare-tsaren da aka buɗe wa masu sana'ar hannu da 'yan kasuwa yawanci kuɗin shekara ake nema a dunƙule, a kan kowane kai, mai iyali goma ya lissafa ya ga ya kai kuɗin buhunan hatsi, kuma a lokacin kowa lafiyarsa ƙalau, ga masu cewa ma biyan kuɗin ciwon da bai zo ba kamar kiran ciwon ne, ga masu tambayar halaccinsa duk da malamai da dama sun yi bayanin tsarin taimakekeniya. In ana so mai tura ruwa ya shiga, sai an karɓa yadda mai kemis da mai adashe suke karɓa, ɗari biyu yau ɗari uku gobe, ta hannun ƙungiyar 'yan adaidaita ko ta 'yan kasuwa da dama suna karɓar kuɗin ƙungiya kullum, manomi kuma a same shi da kaka lokacin da ya sayar da waken suya ko riɗi, ba a watan Yuli ba. Sannan asibitin mazaɓar da aka rubuta sunansa ya zama in ya je da yamma bayan ya tashi daga nema zai tarar da mutum, da abin awon jini mai batir, da maganin wata guda a kan kanta. In ya je sau biyu ya tarar da kwaɗo a ƙofa, na ukun wajen mai kemis zai tsaya, kuma baɗi ba zai sabunta katin ba.